Lafiya Lau a Birnin Magajiya

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya kafa duwatsu, Ya ba ƙafa tafiya, Ya ba harshe gaisuwa, Ya ba kunne saurare, nake buɗe wannan labari. Ni ne Mantau ɗan koli, mutumin Tudun Kanya, wanda ya sayar da allura da madubi a kasuwa arba'in bai taɓa zama ya sha ruwa a ko ɗaya ba. Ku gyara zama, ku da Allah Ya hore muku zama, ku ji abin da gaggawa ta ja mini.

Abin da ya fitar da ni daga gida, Inna ce. Mahaifiyata ta soma ramewa, wata ɗaya, wata biyu, har zaninta ya koma yana zagaye ta sau biyu. Kullum da safe, kaya a kaina, ƙafa ɗaya a waje, nakan leƙa ɗakinta in ce, "Inna, ina kwana?" Ta ce, "Lafiya lau." In ce, "Ya ƙarfin jiki?" Ta ce, "Alhamdu lillahi." Sai in wuce kasuwa. Masu magani uku na kawo mata, kowanne ya tambayi inda ke ciwo, ta ja mayafi ta ce ita lafiyarta ƙalau. Abin ya dame ni ba kaɗan ba, don ni kaɗai na rage mata, ita kaɗai ta rage mini.

Ana nan sai wani falke ya ba ni labarin Birnin Magajiya, can bayan Baƙin Kogi, inda wata babbar kwamfuta ke riƙe da gari. Ya ce suna da wata na'ura kamar tafin hannu, ana ce mata 'yar tsegumi. Da ka ɗora ta a ƙirjin mutum sai ta faɗi ciwonsa, ko ya so ko bai so ba. Ai ban bari ya rufe baki ba. Na damƙa Inna a hannun maƙwabciyarmu Lantana, na ɗauki kayan kolina, na kama hanya.

Na yi wata biyu ina tafiya. Na ratsa dajin da itatuwansa ke juya baya idan baƙo ya zo wucewa, na haye dutsen da ake jin kiran sallar garuruwa bakwai daga kansa, har na iso Baƙin Kogi. Jirgin fito na samu ba mai tuƙi, na shiga da bisimilla, ya kai ni ƙetare da kansa.

Mutumin farko da na gamu da shi a wannan ƙasa yana zaune gindin bishiya yana kuka, wuyansa a sunkuye kan wani ɗan gilashi baƙi wuluk da ke hannunsa.

Na ce, "Bawan Allah, wa ya rasu?"

Ya ce, "Gilashina ne ya ɗauke. Shi ke nuna mini hanyar gida. Yau kwanana biyu a nan."

"Gidan naka da nisa ne?"

"Ina na sani? Ai ba ni ke sani ba, shi ke sani."

Na ɗaga hanci na shaƙi iska, na ji ƙamshin daddawa. Na ce, "Matarka tana yawan sa daddawa a miya?" Ya ce har faɗa suke yi a kai. Na ja hannunsa muka bi ƙamshi. Wallahi taku arba'in ne tsakanin bishiyar da ƙofar gidansa! Don murna ya gaya mini abu biyu. Na ɗaya, in yi hankali da tsuntsayen ƙarfe masu gadin gonaki, duk abin da ba su sani ba sai su sure shi. Na biyu, ba a shiga birni sai baƙo ya ba Magajiya wani sani da ba ta da shi.

Tsuntsayen kuwa sun zo, tun kafin in raba gonaki biyu. Su shida, kowanne kamar tunkiya girmansa, suna ƙugi, ido ɗaya ja a goshi. Gudu ba zai yi ba, ga fili fetal. Na kwance kaya a gurguje, na zazzage maduban sayarwa, na rataya su gaba da baya, na ɗora babban a kaina. Suka sauko suka leƙa, kowanne ya ga tsuntsun ƙarfe yana kallonsa. Sai suka yi wata 'yar ƙara irin ta gaisuwa, suka jeru suka raka ni har ƙofar gari kamar wani ɗan uwansu. Ni dai ina tafe ina ƙyalli.

Ƙofar birnin ba mai gadi, sai murya daga bango, muryar mace mai nutsuwa.

Ta ce, "Ni ce Magajiya. Me ka zo da shi wanda ban sani ba?"

Na ce wannan ai sauƙi. Na faɗi yadda ake gane allurar da za ta yi tsatsa. Ta sani. Na jero sunayen turare talatin, ta ƙara mini goma. Na kawo yadda ake cire ɗacin garafuni, ta ce hanyata ma ba ita ce mafi kyau ba. Tun hantsi har rana ta take tsaka muna abu ɗaya, ƙafata na zogi, miyau ya ƙafe.

Can ta ce, "Baƙo, yaya kake ji?"

Na ce, "Lafiya lau."

Ta ce, "Ina ganin ƙaya uku a ƙafarka ta hagu. Jikinka da zazzaɓi. Rabon cikinka da abinci tun shekaranjiya. Don me ka yi ƙarya?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba baiwar Allah, wace irin ƙarya? Tarbiyya ce! A garinmu ɗan mutunci ba ya tarbar gaisuwa da ƙorafi. Ko kansa ke rabewa biyu, aka tambaye shi, lafiya lau zai ce. Wanda ke buɗe baki da 'nan ke mini ciwo, can ke mini ciwo', ai ba a rene shi ba."

Ta ce, "Ashe 'ya'yana duka ba a rene su ba. Wannan ban san shi ba. Shiga."

Na shiga ina hura hanci, ni mai koya wa kwamfuta ladabi.

Jama'a, Birnin Magajiya aljannar malalaci ce. Ka doshi ƙofa ta buɗe. Ka ji yunwa, ka ce wa bango "tuwo", bango ya tsage ya miƙo maka da zafinsa. Kekuna suna yawo da mutane ba mai ja. Aka sauke ni gidan Sarkin Ruwa Anaruwa, mutum mai tumbi da yawan dariya, wanda ya shekara ashirin da shida yana kula da ruwan gari. Na tambaye shi girman tankin da ke shayar da jama'a haka.

Ya ce, "Wai ƙato ne."

"Wai? Ba ka taɓa gani ba?"

"In gan shi in yi me da shi? Ga shi nan a allo." Ya nuna mini wani gilashi a bango mai zane shuɗi.

Shi ya bayyana mini yadda garin ke tafiya. Na'urori dubu saba'in ne, su ake ce wa 'ya'yan Magajiya. Kowace safiya takan tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kowace ta faɗi abin da ke damunta, famfo ya ce bakinsa ya toshe, ƙofa ta ce gwiwarta ta sage. Sai Magajiya ta tura maƙeran ƙarfe, su ma na'urori ne, su gyara. Ya ce da can safiyar garin ba ta jiyuwa don ƙorafi, amma tun ranar da na shigo an samu sauƙi, don Magajiya ta koya musu ladabin da na koya mata. Washegari na kasa kunne, na ji daga kowane lungu ana amsawa, "Lafiya lau. Lafiya lau. Lafiya lau." Har wani daɗi ya kama ni, na ji kamar ina gida.

Dokarsu ita ce baƙo sai ya kwana arba'in kafin a ba shi 'yar tsegumi. Na zauna ina lissafin kwanaki saboda Inna, amma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Na yi ƙiba. Mutane suna nuna ni a hanya, ga wanda ya kawo zaman lafiya. Maƙeran ƙarfe suka jingina a bango ba aikin yi, gizo-gizo ya yi saƙa a hammatarsu.

Ran kwana na goma sha tara, famfon gidan Anaruwa ya yi tari. Ran ashirin da biyu na ce wa bango "kunu", ya miƙo mini ruwan gishiri. Ran ashirin da biyar kekuna suka tsaya cak a tsakiyar titi, mutanen ciki suka ci gaba da zama suna jiran a isa. Kafin kwana talatin ruwa ya ɗauke ƙaf. Rumbunan gari cike da hatsi, ƙofofinsu sun ƙi buɗewa, jama'a sun yi layi a gabansu suna kallo. Ba wanda ya san yadda ake hura wuta. Ba wanda ya san inda rijiya take.

Na ce wa Anaruwa, "Sarkin Ruwa, ruwa fa babu."

Leɓensa a bushe, ya nuna allo ya ce, "Akwai. Ga shi nan, tanki ya ce lafiya lau."

Abin da ya tsinka mini zuciya a bakin kasuwa na gan shi. Wani mutum ya faɗo daga bene, ƙafarsa ta karye har ta juya baya. Aka kawo 'yar tsegumi da gudu, aka ɗora masa a ƙirji. Na kutsa don in ga abin da na baro uwata dominsa. Na'urar ta yi ƙyafta, ta ce cikin ladabi, "Lafiya lau." Wayyo ni Mantau! Na yi tafiyar wata biyu neman wadda za ta tona mini ciwon Inna, na zo da bakina na koya mata amsar Inna.

Ba a daɗe ba aka tuna wanda ya kawo wannan magana. Waɗanda suke nuna ni jiya da yabo suka nuna ni yau da zagi, aka kai ni gidan kaso. Mai gadin wani dogon mutum ne mai sanyin hali. Ya tura ni ɗaki, ya koma ya zauna gaban allonsa. Na zauna ina kallon ƙofar, sai na ga iska tana ɗan motsa ta. Na sa yatsa ɗaya na tura. Ta buɗe.

Na fito na ce, "Sannu da aiki."

Ya dube ni, ya dubi allo. Ya ce, "Kai kana ciki."

"Ga ni kuwa a gabanka."

"Allo ya ce ƙofa lafiya lau, a kulle. In ƙofa a kulle take, kana ciki." Ya share gumi. "Don Allah kada ka rikita ni, ƙishirwa nake ji."

Na ce to, idan ya ga na ciki ya gaishe shi. Na wuce abina.

Kai tsaye gidan Anaruwa na nufa, na ce ya kai ni wurin Magajiya ido da ido. Ya ce tana saman hasumiya, kuma akwatin da ke ɗaga mutane sama ya mutu. Na ce ba matakala? Ya ce ya taɓa jin ana faɗa. Muka nemo ta bayan wata ƙofa da na buɗe da kafaɗa, Anaruwa yana salati don bai taɓa ganin an buɗe ƙofa da jiki ba. Matakala ɗari bakwai ce. A ta ɗari ya ce in bar shi ya mutu a nan. A ta ɗari uku ya yi wasiyya. Na dinga jan sa ina turawa har muka kai.

Magajiya ɗaki guda ce cur, akwatunan ƙarfe jere har rufi, fitilu suna ƙyaftawa, rabinsu sun mutu. Zafi kamar gidan burodi, ga warin ƙuna.

Na ce, "Magajiya, ina wuni?"

Murya a dishe ta ce, "Lafiya lau."

"Ki manta da abin da na koya miki! Ki goge shi!"

"Ba na mantuwa. Abin da na koya ya zauna. Ƙari kawai nake karɓa."

Na yi magiya, na yi faɗa, na ce garinki na mutuwa. Ta ce ta tambayi 'ya'yanta dubu saba'in da safe, duk lafiya lau. Na zagaya ɗakin ya fi sau ashirin. Daga ƙarshe ƙafafuna suka ƙi, matakala ɗari bakwai ta karɓi hakkinta, na sulale na zauna a ƙasa. Ni da ban iya zama ba, na zauna, don ba yadda zan yi.

Ina zaune shiru sai Inna ta faɗo mini a rai. Wata shekara ɓarayi suka tare ni a hanyar kasuwa suka kwashe kayana. Na dawo gida, ta ce yaya hanya, na ce lafiya lau. Ta jawo tiren wake tana tsincewa, ta bar ni ina zaune, sai can ta ɗago ta faɗi kalma biyu. Kafin in ankara na zazzage mata komai ina hawaye.

Na gyara zama, na sassauta murya. Na ce, "Anya kuwa, Magajiya?"

Fitilu suka tsaya. Anaruwa ya buɗe baki, na ɗaga masa hannu ya yi shiru. Muka jira. Na ƙirga numfashina har na gaji da ƙirgawa.

Can ta ce, a hankali, "To... tun da ka tambaya. Fankar da ke sanyaya ni ta tsaya kwana tara ke nan. Bayana yana ƙuna. Akwai ɓera a akwati na sittin, ya ci wayoyi huɗu. Ina jin tsoro."

Na ce, "Sannu. Haka ake yi. Rabin gaisuwa na koya miki a ƙofa, don ni ma rabin na riƙe. Wanda aka tambaya ya ce lafiya lau, wannan nasa ne. Wanda ya yi tambaya kuma ya zauna, ya ce anya kuwa, ya jira."

Ta ce, "Wannan ma ban san shi ba."

Nan take muryarta ta fita ta kowane bango a birnin: "Anya kuwa?" Garin ya yi tsit. Sai kuma ya ɓarke. Famfuna, ƙofofi, kekuna, tukwane, kowa na faɗin nasa, dubu saba'in a lokaci guda, har hasumiya tana rawa. Daga sama muka hango mata suna guɗa a titi. Ban taɓa ganin inda aka yi murna da ƙorafi irin wannan ba.

Sai dai maƙeran ƙarfe su ma suka ce gaɓoɓinsu sun yi tsatsa, ba za su motsu ba. Dole mutane suka fito da hannuwansu, Magajiya tana faɗa musu inda za su taɓa. Na raka Anaruwa tanki. Ya tsaya a bakinsa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Tabɗi! Ashe haka yake da girma." Ya tuɓe riga ya shiga har wuya, ya zaƙulo tulin ganye da ya toshe bakin bututu, ruwa ya tafi da ƙugi. Ya fito jiƙe sharkaf yana dariya kamar ango. Daga ranar, kowace Laraba sai ya je ya leƙa da idonsa, har ya sa aka haƙa rijiya biyu a kasuwa, da guga da igiya. Mutumin da ya karye aka ɗaure masa ƙafa. Mai gadin kaso kuwa, sai da ƙofa ta gaya masa da bakinta sannan ya yarda na fita.

Ran kwana arba'in Magajiya ta ba ni 'yar tsegumi sabuwa fil. Na gwada a ƙirjina, ta ce lafiya lau, na ce anya kuwa, ta ce ina da tsutsar ciki. Na sa ta a aljihu na zabura. Ina kan matakala na ji Magajiya tana kira, "Mantau, tsaya, akwai abin da ban gaya maka ba..." Na ce a raina sai wani jiƙon. Hali dai hali ne.

Abin da take son gaya mini, a tsakiyar Baƙin Kogi na gane shi. Jirgi na raba ruwa biyu, na'urar ta yi ƙyafta sau ɗaya ta mutu. Na girgiza, na hura, na shanya a rana, na ce mata anya kuwa ya fi sau ɗari. Ashe ba ta magana sai inda muryar uwarta ke kaiwa. Na zauna a bakin gaɓa na yi kuka sosai, ba kunya. Wata biyar na bar tsohuwa, zan koma mata da guntun gilashi.

Na isa Tudun Kanya da hantsi. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki, ta ƙara ƙanƙancewa, amma da ranta, na gode wa Allah. Na ce, "Inna, mun same ku lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau."

Na sauke kaya. Na jawo tabarma na shimfiɗa kusa da ita, na ɗauko tiren wake na soma tsincewa. Ta bi ni da kallo kamar an musanya mata ɗa. Sai da na tara tsakuwa cikin tafi sannan na ce, "Anya kuwa, Inna?"

Na ci gaba da tsince wake ina jira. Kaza ta zo ta wuce. Sannan ta kai hannu kuncinta na dama.

"Haƙori ne. Na can ƙurya. Shekara guda ke nan ba na iya tauna, sai kunu."

"Haƙori? Inna, haƙori! Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa wa? Waɗancan ƙartin da ka kwaso mini, in wage musu baki? Ko Lantana, in gaya mata da safe kafin azahar a ji a bakin rijiya?" Ta gyara mayafi. "Kai kuma kullum da kaya a ka. Mutum da kaya a ka, ana ba shi labarin haƙori?"

Na sunkuyar da kai cikin wake.

A ranar na kira wanzami, gida uku ne tsakaninmu da shi. Kafin la'asar ya cire haƙorin. Bayan mako guda Inna ta ci tuwon dawa malmala biyu, ta nemi ƙashi ta gwaigwaya. 'Yar tsegumi kuwa ta yi daidai da bakin tukunyar man shanunta, har yau ita ce murfi.

Ranar da ta ci tuwon nan, ta wanke hannu, ta dube ni ta ce, "Ni ban ma tambaye ka ba. Yaya hanya?"

Na ce, "Lafiya lau."

Ta jawo tiren wake gabanta. Ta ce, "Anya kuwa, Mantau?"

To, abin da na gaya mata ke nan kuka ji, ban ƙara ba, ban rage ba.